Turken da ke cikin ƙwaƙwalwar ɓera

Akwai wani zane da nake yi wa ɗalibaina a allo duk shekara, kuma ba don raina yana so nake yin sa ba. Homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a cikin jiki, ya zo ya taɓa makarɓinsa, furotin ɗin da ke karɓar saƙon a jikin ƙwayar halitta, kibiya ta nufi cAMP, wata kibiyar ta nufi PKA, ta ƙarshe kuma ta nuna wani akwati da na rubuta "aiki" a cikinsa. Yara su haddace, su juye mini a takardar jarrabawa, su ci. Babu ƙarya a zanen. Aibinsa ɗaya ne: yana sa mutum ya ɗauka komai a cikin ƙwaya a watse yake, kowa na yawo inda ya ga dama har ya ci karo da abokin aikinsa. In da haka abin yake, da zuciya ba ta iya bambance tsoro da kumburi ba.

Ga yadda maganar take. Homon kamar adirenalin ba ya shiga cikin ƙwaya, a waje yake tsayawa. Wanda ke ɗaukar saƙonsa ya shiga da shi ciki wani ɗan ƙaramin sinadari ne, cAMP, wanda Earl Sutherland ya gano a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, har ya karɓi kyautar Nobel a kansa a 1971. Shi kuma cAMP babban wanda yake tasarwa shi ne wani inzayim, wato furotin mai tafiyar da aikin sinadarai, mai suna PKA, wanda aka gano a ɗakin gwajin Edwin Krebs a 1968. Aikin PKA guda ɗaya ne tak, ya ɗauki fosfet ya manna wa wani furotin. Da zarar an manna wa furotin fosfet sai halinsa ya sauya: wanda ke rufe ya buɗe, mai sanyin jiki ya yi sauri, wani kuma ya tsaya cak. Irin inzayim ɗin da ke wannan aiki su ake kira kainez.

To a nan gizo ke saƙar. Homon da ke ɗaga cAMP ba ɗaya ba ne, ba biyu ba ne, suna da yawa, kuma furotin ɗin da PKA zai iya manna wa fosfet ɗaruruwa ne. Ta yaya ƙwaya ke sanin wane ne ya aiko, kuma me yake so?

Zuciyar ɓera ce ta fara tona wannan asiri. Duk wanda ya taɓa ganin zuciyar ɓera a rataye a ɗakin gwaji ba ya mantawa da ita. Ana cire ta ne da sauri a tsoma a ruwan sanyi, a zura ɗan siririn bututu a babbar jijiyar da ke fita daga cikinta, a ɗaure da zare, sannan a sako ruwan gishiri mai ɗumi da aka cika da iskar oksijin. Kafin ka ƙirga goma jinin ya wanke, ta koma fari-fari, sai ka ga ta motsa, ta sake motsawa, sannan ta kama bugawa ita kaɗai a iska, ruwa na ɗiga daga ƙasanta. A ƙarshen shekarun 1970 masu bincike, cikinsu har da Larry Brunton da abokan aikinsa a San Diego, suka riƙa zuba wa irin wannan zuciya sinadarai biyu. Ɗaya ɗan'uwan adirenalin ne, homon tsoro, ɗayan kuma daga dangin furostagilandin, sinadaran kumburi. Dukansu biyu sun ɗaga cAMP, dukansu sun ta da PKA. Amma na farkon ne kaɗai ya sa zuciyar ta ƙara ƙarfin bugawa ta kuma fara fasa sukarin da ta adana. Na biyun ko gezau. Bayanin da ya rage shi ne cAMP ɗin da PKA ɗin ba a wuri ɗaya suke tashi ba. A lokacin babu na'urar da za ta nuna hakan ido da ido. Sai a 2002 Manuela Zaccolo da Tullio Pozzan a Italiya suka sanya wa PKA launi mai ƙyalli a ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye, suka ga cAMP na tashi a layi-layi a wasu wurare takamaimai, ba ya bazuwa ko'ina.

Ke nan PKA a ɗaure yake. Kowa ya san akuyar da aka kafa wa turke: abin da za ta ci ba yunwarta ce ke yanke shi ba, inda aka kafa turken ne da tsawon igiyar. Furotin ɗin da ke yi wa PKA aikin turke su ake kira AKAP. Dangi ne babba, in aka haɗa da rassansu sun haura 50, kowanne da inda yake kafuwa: wani a tantanin da ya kewaye ƙwaya, wani a jikin cibiyarta, wani a wutsiyar maniyyi. Kusan dukansu da abu ɗaya suke riƙe PKA, wata 'yar murɗaɗɗiyar gaɓa mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 14 zuwa 18, gefe ɗaya mai gudun ruwa, wanda ke zama daram a cikin wani ɗan kwari da ke kan PKA. Har tsawon igiyar an auna. A 2017 ɗakin gwajin John Scott, ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe a wannan fage, ya ce PKA na yin aikinsa ne cikin tazarar nanomita 15 zuwa 25 daga turkensa (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) ba tare da ya rabu da shi ba. Wasu masanan sun ja da shi, sun ce sashen da ke manna fosfet yana ɓallewa ya ɗan zaga kafin a sake kama shi. Ni dai ina ganin ko wanne ne ya fi gaskiya, tazarar ba ta da yawa.

Wanda na fi so a dangin shi ne wanda ƙwayar gadon Akap5 ke samarwa. A ɓera sunansa AKAP150, a mutum AKAP79, a saniya AKAP75, kuma duk abu ɗaya ne. Lambobin daga jel suka fito, wato wannan abu mai kama da daskararren kamu da ake zuba furotin a kansa a saka wuta su jeru gwargwadon nauyinsu. Na mutum amino asid 427 ne, nauyinsa na gaskiya bai wuce kilodaltan 47 ba, amma saboda ba shi da dunƙulalliyar siffa sai ya riƙa jan ƙafa a jel ya tsaya a 79. Na ɓera ya haura amino asid 700, domin a tsakiyarsa akwai wata gajeriyar jera da ta yi ta maimaita kanta. Wuraren da ke riƙe abokan aiki kuwa suna can a kai da gindi, kuma kusan iri ɗaya ne da namu. Daga ƙwaƙwalwar ɓera aka fara zaƙulo ƙwayar gadonsa, a ɗakin gwajin Charles Rubin da ke New York, a 1989. Dabarar da suka yi tana burge ni saboda sauƙinta: suka ɗauki sashen PKA da ke kama turke suka sa masa alama mai haskawa a fim, suka jiƙa takardar da ke ɗauke da furotin da shi, duk inda ya manne sai baƙin layi ya fito.

Da a ce PKA kaɗai yake riƙewa da labarin bai kai na rubuta shi ba. A 1995 mutanen Scott, lokacin suna Portland, suka nuna cewa yana riƙe da kalsinurin, inzayim ɗin da ke cire fosfet, wato mai warware abin da PKA ya ƙulla. Shekara ɗaya bayan haka suka ƙara na uku, wani kainez mai suna PKC. Mai mannawa da mai ɓamɓarewa suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan furotin guda. PKA na jiran cAMP, kalsinurin na jiran kalsiyam, kuma duk wanda saƙonsa ya riga zuwa ko ya fi ƙarfi shi ke da rinjaye a wannan ɗan wuri. Af, kalsinurin ɗin nan ba baƙo ba ne ga duk wanda ke da ɗan'uwan da aka yi wa dashen ƙoda. Magungunan nan masu tsada da ake sha kullum don kada jiki ya ƙi ƙodar, takurolimas da saikulosforin, shi suke dannewa.

A ƙwaƙwalwa AKAP150 ya fi yawa a ɓangaren gaba, musamman hifokamfas, inda ake ƙulla sabon tuni. Can ma ba ko'ina yake ba. Ƙwayar jijiya tana da rassa, a jikin rassan akwai 'yan ƙananan tsiro dubbai, kuma kowane tsiro mahaɗa ce inda wata jijiyar ke zubo mata saƙo da sinadarin gulutamet. A nan yake zama. Kansa na manne da tantani, jikinsa kuma na kama wasu furotin biyu, PSD-95 da SAP97, waɗanda su ke riƙe da makarɓan gulutamet. Ɗaya daga cikin makarɓan, wanda ake kira AMPA, yana da wani gurbi a jikinsa, amino asid na 845. In PKA ya manna fosfet a wannan gurbi, makarɓin ya fi buɗewa kuma ya fi zama a mahaɗar. In kalsinurin ya cire, sai ƙwaya ta janye makarɓin ta shigar da shi ciki, mahaɗar ta yi rauni. Ƙarfafar mahaɗa da raunanarta kuwa su ne abin da masana ƙwaƙwalwa ke ɗauka a matsayin tushen koyo da mantuwa.

Yaya aka tabbatar turken ne ke da muhimmanci ba inzayim ɗin kaɗai ba? Da wani ɗan guntun furotin mai suna Ht31, wanda bai kai amino asid 25 ba. Shi kwaikwayon wannan murɗaɗɗiyar gaɓa ne. In ya shiga ƙwaya sai ya cike kwarin da ke kan PKA, turke ya rasa wurin kamawa. PKA na nan lafiyarsa ƙalau, cAMP na nan, an dai kwance igiya ne kawai. A 1994 Christian Rosenmund ya zura Ht31 ta bakin siririyar allurar gilashi a cikin ƙwayoyin hifokamfas da aka raina a faranti, sai wutar da ke bi ta makarɓan AMPA ta riƙa raguwa a gaban idonsa, daidai da yadda take yi in an kashe PKA ɗin gaba ɗaya.

Gwajin da nake ba ɗalibai labarinsa in na ga sun fara gyangyaɗi shi ne na 2002, daga ɗakin gwajin Joseph LeDoux a New York. Ana sa ɓera a akwati, a kaɗa masa wani sauti, sautin na ƙarewa a ɗan ja shi da wuta a tafin ƙafa. Daga nan duk lokacin da ya ji sautin sai ya daskare, ba abin da ke motsi a jikinsa sai numfashi, kuma tsawon daskarewar shi ake aunawa a matsayin tuni. Wurin da wannan tsoro ke ƙulluwa shi ne amigdala, kuma Marta Moita da abokan aikinta sun ga AKAP150 a wurin. Suka ɗiga Ht31 a amigdalar wasu ɓeraye kafin horon. Ɓerayen sun koya sarai, in an kaɗa sautin jim kaɗan bayan horo suna daskarewa kamar kowa. Washegari kuwa tsoron ya ragu ƙwarai. Abin ya shiga, bai dai zauna ba.

Wata ɗaliba ta taɓa tare ni a nan ta ce, "Malam, ai Ht31 ba AKAP150 kaɗai yake kwancewa ba, duk dangin yake kwancewa." Gaskiyarta, kuma na ji daɗin tambayar fiye da duk amsoshin da aka ba ni a wannan zango. Hanyar da za a ware Akap5 shi kaɗai ita ce a cire ƙwayar gadon ɗungurungum, wannan kuwa an daɗe ana iya yin sa a kusu, ƙaramin ɓeran nan, amma a babban ɓera sai a 2009 aka fara samun hanya mai inganci. Shi ya sa ilimin wannan ƙwayar gado ya rabu gida biyu. Auna wutar jijiya, ɗiga magani a ƙwaƙwalwa da tace furotin, yawancinsu a babban ɓera aka yi, don ƙwaƙwalwarsa ta fi girma kuma ya fi saurin koyo. Cire ƙwayar gado kuma a kusu. A 2008 aka fitar da kusun da ba shi da AKAP150. Ya rayu, ya girma, amma PKA ya kauce daga rassan jijiyoyinsa, kuma ya gaza 'yan'uwansa wajen tuna wurin da aka koya masa a kwamin ruwa. Duk wanda ke karanta irin waɗannan rahotanni ya riƙa duba wace dabba ake nufi, don sau da yawa masu taƙaitawa kan gauraya su kamar abu ɗaya ne, alhali kakanninsu sun rabu shekaru miliyoyi da suka wuce.

Mu ma nan muna da ɓerayen. Kusan duk jami'ar da ke koyar da likitanci ko haɗa magunguna tana da ɗakin dabbobi, inda fararen ɓerayen Wistar ke kwance a kan garin katako ana ba su abincin kaji. Asalinsu daga wata cibiya ce a Philadelphia, tun 1906. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin aikin da muke yi da su a wuri ɗaya yake tsayawa: a jiƙa ganye, a ɗura wa ɓera, a auna sukarin jininsa ko sinadaran hanta, a rubuta cewa ganyen ya yi aiki. Tambayar a ina ya yi aikin, a kan wane furotin, ba ma kai wa gare ta. Ba rashin basira ba ne. Antibodin da za ka gano AKAP150 da shi, wato furotin ɗin da ke manne masa ya nuna inda yake, sai an yi odarsa daga waje, sai ya iso da sanyinsa, sai kuma firjin da za ka ajiye naman ƙwaƙwalwar bai ɗauke ko na dare ɗaya ba.

Aikin turken bai tsaya a ƙwaƙwalwa ba. A jijiyoyin jini yana riƙe PKC kusa da wata ƙofar kalsiyam, kuma kusun da aka cire wa shi bai kamu da hawan jinin da homon anjiyotensin ke haddasawa ba. A ƙwayoyin da ke fitar da insulin ma yana nan. Akwai kuma wani ɗan dangin, daga ƙwayar gadon Akap7, da Enno Klussmann da mutanensa suka samo a ƙodar ɓera a Balin ta Jamus. Yana zaune a jikin 'yan jakunkunan da ke ɗauke da kafofin ruwa a bututun ƙoda. In jiki ya bushe, kamar la'asar ɗin azumin bazara, homon basofiresin ya sa PKA ya tura kafofin zuwa tantani, ruwa ya koma jini, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja. Da suka sa Ht31 a waɗannan ƙwayoyi, kafofin ba su motsa ba.

Inda nake ganin wannan ilimi ya fi kusa da amfanar mara lafiya shi ne wajen raɗaɗi. A bakin jijiyoyin da ke jin zafi akwai wata ƙofa mai suna TRPV1. David Julius ne ya gano ta a 1997, daga jijiyoyin ɓera, ya kuma sami Nobel a 2021. Ita ce sinadarin da ke cikin barkono da attaruhu ke buɗewa, shi ya sa yaji da ƙuna suke kama da juna a harshe. A ƙa'ida sai zafi ya kai wajen digiri 43 take buɗewa. Amma in wuri ya kumbura, furostagilandin da sauran sinadaran kumburi kan ta da PKA da PKC su manna mata fosfet, sai ma'aunin ya sauko har ƙasa da ɗumin jiki. Dalilin ke nan da ruwan da kake wanka da shi kullum ba ka ji komai ba, ranar da ƙafarka ta kumbura sai ka ji kamar tafasasshe ne, dalilin ke nan kuma da maruru ke zugi ba tare da an taɓa shi ba. A 2008 ɗakunan gwaji uku, ciki har da na Peter McNaughton a Kambirij da na Nathaniel Jeske a Texas, suka nuna cewa AKAP150 ne ke kawo waɗannan inzayim bakin ƙofar.

Yadda ake auna wannan a ɓera abin kallo ne. Ana ajiye shi a kan faifan gilashi a bar shi ya natsu, ya gama shinshine-shinshinensa ya kwanta. Sai a turo wata 'yar fitila mai zafi ta ƙasa a saita ta daidai tafin ƙafarsa ta baya. Agogo na tafiya. Wajen daƙiƙa goma sai ya fizge ƙafar, wani lokaci ya lashe ta, agogon ya tsaya da kansa. In bai janye ba fitilar kan mutu a daƙiƙa ashirin don kada ya ƙone. Ƙafar da aka yi wa allurar furostagilandin ba ta jira haka, da wuri take tashi. Da mutanen Jeske suka riga suka sa Ht31 a tafin, wannan saurin janyewar ya ragu.

Me ya sa ba za a toshe TRPV1 ɗin kawai a huta ba? An gwada. Kamfanonin magani sun zuba kuɗi masu yawa a kai, sai aka tarar ƙofar tana da hannu wajen daidaita zafin jiki. A wani gwaji da aka yi kan mutanen da aka cire wa haƙori, maganin ya sa musu zazzaɓi, wani ma zafin jikinsa ya haura digiri 40. Wasu magungunan kuma suka rage wa mutane jin zafin abu mai ƙuna, mutum ya kurɓi shayin da zai sale masa baki bai sani ba. Dabarar mutanen McNaughton ita ce a bar ƙofar yadda take, a raba ta da turken kawai. A 2013 suka ƙera ɗan guntun furotin da ke shiga tsakanin TRPV1 da AKAP, suka yi wa kusu allurarsa a ƙafar da ta kumbura. Ƙarin raɗaɗin kumburin ya kau, jin zafi na yau da kullum kuwa yana nan yadda yake.

Daga ƙafar kusu zuwa kantin magani akwai tafiya. Guntun furotin ba ya jure ciki, narkewa yake yi kamar kowane nama, don haka sai dai allura, kuma shigar da shi cikin ƙwaya ma sai da dabara. Sannan duk maganin da za a yi dole ya yanke wannan haɗi guda ɗaya, na TRPV1, ya bar na makarɓan gulutamet a hifokamfas da na ƙofar kalsiyam a jijiyoyin jini da na insulin, tunda duk furotin ɗaya ne ke riƙe da su. Har yau babu maganin irin wannan da ya kai hannun marasa lafiya.